Wa za a bar wa na'urar eko da dare? Nazarin lamarin wani asibiti a jihar Gadarif

## Asalin lamarin

Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojin ƙasar a Disambar shekarar, jama'a suka kwararo gabas, asibitocin jihar Gadarif suka cika maƙil. Asibitin da ake magana a kansa yana yankin da Hausawa manoman dawa da riɗi suke da yawa, kuma tsofaffi da dama a cikinsu da Hausa kaɗai suke iya bayyana inda ke musu ciwo. Kafin yaƙi, wanda ake zargin yana da ciwon zuciya takarda ake rubuta masa ya tafi Madani ko Hartum a yi masa cikakken eko, wato hoton zuciya tana bugawa da ake ɗauka da na'urar sikanin, mai buƙatar tiyatar bawul (ƙofofin da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya) kuma a nufi cibiyar tiyatar zuciya ta Salam da ke Soba, kusa da Hartum, da shi, wadda aka buɗe a 2007. Wannan hanya ta toshe.

Abin da asibitin ya samu shi ne ƙaramar na'urar eko ta hannu, kai ɗaya da ake jona wa waya. Mutum ɗaya ce ta iya aiki da ita sosai, ƙwararriyar likitar cututtukan ciki da ta taso daga Madani. Ƙarƙashinta akwai likitoci 7 masu neman horo: 5 likitocin umumi, wato waɗanda ba su shiga horon ƙwarewa ba, 2 na'ibai waɗanda yaƙi ya katse musu horon ƙwarewa. Su ke kwana a hawadis, wato sashen gaggawa. Tambayar da ta taso tun makon farko ita ce: a cikinsu wa za a yarda ya ɗora na'urar a ƙirjin majinyaci da ƙarfe 2 na dare, ya yanke shawara da abin da ya gani, ba tare da ya tashe ta ba?

Eko na gefen gado ba cikakken eko ba ne. Tambayoyi kaɗan ake yi masa. Akwai ruwa a jakar da ta lulluɓe zuciya? Ɗakin ƙasa na hagu yana matsawa da ƙarfi ko ya raunana? Ɗakin ƙasa na dama ya kumbura? Babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙasan jiki zuwa zuciya, wadda likitoci ke kira IVC, cike take ko a motse? Ana neman amsa ta mahanga 5: ta tsawo daga gefen hagu na ƙashin ƙirji, tsakanin haƙarƙari na 3 da na 4, alamar kan na'ura tana kallon kafaɗar dama; ta gicciye a wuri ɗaya bayan an juya alamar zuwa kafaɗar hagu; ta tsinin zuciya mai nuna ɗakuna 4; ta ƙarƙashin ƙashin ƙirji ta cikin hanta; sai ta IVC.

Cututtuka uku ne suka fi zuwa: lalacewar bawul ta rumatik, wadda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ke bari, ta fi kama bawul ɗin maitiral da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu; ruwa a jakar zuciya saboda tarin tibi; da raunin zuciya na jego, wanda ke bayyana a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa.

## Wata na 1: bita da jarrabawar takarda

An yi bita ta kwana 2, lacca da safe, da rana kuma likitocin suna gwada na'urar a jikin juna. A ƙarshe aka ba su tambayoyi 30 na zaɓi. Duka bakwai sun ci. Ba a ba kowa izini a kan wannan ba, domin a matakai 4 da George Miller ya tsara a 1990, wato sani, sanin yadda ake yi, nunawa, da yi a bakin aiki, takarda na biyun farko kaɗai take aunawa.

## Wata na 2 zuwa na 4: littafin ƙidaya

Aka koma ƙidaya. Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka tana neman sikanin 25 zuwa 50 a kowane fanni, tsarin likitocin kulawa ta musamman na Birtaniya kuma yana neman 50 na zuciya, 10 daga ciki a gaban mai koyarwa. Asibitin ya tsayar da 30: wanda ya cika 30 da sa hannun ƙwararriyar, an sake shi.

A tsare-tsaren da aka ɗauko lambar daga gare su, ana ajiye hotunan wani ya duba. A nan wannan ɓangaren ya faɗi tun da wuri. Katsewar layukan sadarwa a faɗin ƙasa a Fabrairu 2024 ta hana tura hotuna ga wani likitan zuciya ɗan Sudan da ke aiki a Saudiyya, wanda ya yarda zai riƙa dubawa, wayar da ake jona na'urar kuma ta cika aka shiga gogewa. Ƙwararriyar tana duba majinyata tun safe har magariba, sa hannu ya koma ranar Alhamis, shafi guda a zama ɗaya, a kan abin da mai littafin ya rubuta. Masu neman cika 30 kuwa, ba da mugun nufi ba, sun fi zuwa gadon saurayi siriri mai zazzaɓin cizon sauro, wanda zuciyarsa ke fitowa tas cikin minti 3, suka bar tsohuwa mai haki wadda ba ta iya kwanciya. Kafin ƙarshen wata na 3, mutum 4 sun cika.

## Wata na 4: daren da aka ƙara wa mai jego ruwa

An kawo wata mata mako 6 bayan haihuwa, tana haki, jiki ba ƙarfi. Awon jini 90 bisa 60, bugun zuciya 124, oksijin 94. Likitan da ke aiki yana da sikanin 34 a littafinsa. Ya rubuta cewa ɗakin hagu yana matsawa daidai, IVC santimita 1.6, ya ɗauka ƙarancin ruwa ne ko ƙwayar cuta a jini, ya sa mata lita 1 ta ruwan gishiri cikin awa ɗaya. Oksijin ya sauka 84, huhu ya cika da ruwa. Aka tsayar da ƙarin ruwan, aka zaunar da ita, aka sa mata oksijin da furosemide, maganin fitar da ruwa ta fitsari, miligiram 40 ta jijiya. Da safe ƙwararriyar ta duba: ɗakin hagu ya faɗaɗa, kason jinin da yake fitarwa a bugu ɗaya bai kai 30 cikin 100 ba a ƙiyasin ido, alhali na mace mai lafiya yana tsakanin 54 da 74. IVC santimita 2.4, ba ta motsi da numfashi. Matar ta farfaɗo, an sallame ta a rana ta 9 da maganin raunin zuciya.

An yi sa'a hotunan daren suna cikin waya. Kuskure uku suka fito.

Na farko, ya nemi tsinin zuciya inda ya saba samunsa a jikin samari, ƙarƙashin nono. Zuciyar da ta faɗaɗa tsininta yana sauka ƙasa ya matsa wajen hammata. Da ya yanko ta daga sama, wato hoton ya ratsa ta sama da tsinin, ɗakin hagu ya fito gajere mai zagaye maimakon dogo mai tsini, kuma a irin wannan yanka bango yakan yi kamar yana matsawa fiye da yadda yake. Alamar ita ce "tsinin" yana yin kauri yana motsawa zuwa cikin ɗakin a kowane bugu, alhali tsini na gaskiya siriri ne, kusan a tsaye yake. Saurin bugu 124 ya ƙara ruɗa ido.

Na biyu, bai tabbatar da mahanga ta biyu ba. Matar ta kasa kwanciya, ga ɗakin cike da maza, ya ji nauyin buɗe mata ƙirji, sai ya tsallake mahangar tsawo da ta gicciye, waɗanda da sun tona raunin nan take.

Na uku, abin da ya auna ba IVC ba ce, awota ce, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki. Suna kwance kusa da juna, karkata kaɗan zuwa hagun majinyaci ya isa a faɗa kan awota. IVC ana gane ta da abu biyu: jijiyar hanta tana zuba a cikinta, ita kuma tana shiga ɗakin sama na dama. Ba ko ɗaya a hotonsa.

Da aka buɗe littafinsa, 9 ne kawai cikin 34 suke da hoto a ajiye, kuma ba ko ɗaya mai raunanniyar zuciya. An dakatar da izinin duka huɗun.

## Wata na 5: jarrabawar tashoshi

Aka shirya OSCE, jarrabawar aiki da hannu da ake bi tasha-tasha, irin jarrabawar da Ronald Harden da abokan aikinsa suka fito da ita a Dandi ta Sikotilan a 1975. Tasha 3, minti 10 kowace, ɗaliban jinya ne suka ba da jikinsu. Mai jarrabawa yana riƙe da takarda mai gurabe 20 yana cankewa: ya gaishe shi, ya zaɓi saitin zuciya, ya samu mahangar tsawo, da sauransu. Mutum 6 suka ci, har da likitan wancan dare, da maki mai kyau.

Ba a yi aiki da sakamakon ba. Ɗaliban lafiyarsu ƙalau, ba cutar da za a gano, ba shawarar da za a yanke. Gurbin "ya samu ɗakuna 4" ana canke shi ko da yankan gajere ne, wato ainihin kuskuren da ya jawo jarrabawar ba shi da gurbi a takardar. Masu jarrabawa biyun kuma, ƙwararriyar da wani likitan hoto da aka gayyato, sun saɓa a kan mutum 3: ɗaya yana ganin hoton ya isa, ɗaya yana ganin bai isa ba.

## Wata na 6 zuwa na 9: raba awon kashi-kashi

Sabon tsarin ya fara da doka ɗaya: sikanin da ba a ajiye ba, ba a yi shi ba. Kowace mahanga a ɗauki bidiyo na daƙiƙa 6, a sa lamba maimakon sunan majinyaci, a juye cikin kwamfutar ofis kowace safiya. Mai sikanin ya rubuta amsarsa a ƙaramar takarda kafin kowa ya gani, kuma kowace tambaya tana da amsa uku: e, a'a, ko "hoton bai isa ba".

Ingancin hoto. An ɗauki ma'auni mai hawa 5, inda 1 ke nufin ba a gane komai, 3 ke nufin ya isa a amsa tambaya, 5 kuma hoto ne na koyarwa. Kafin a auna kowa, masu dubawar suka auna kansu. Layi ya dawo, aka tura wa likitan Saudiyya bidiyo 20, shi da ƙwararriyar kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan suka zauna a waya kan waɗanda suka saɓa, suka rubuta sharaɗin hawa na 3 ga kowace mahanga. A ta tsawo, sai an ga bawul ɗin maitiral da na awota tare, da awota mai sauka a bayan ɗakin sama na hagu, don haka a fara da zurfin santimita 18 zuwa 20 kafin a rage. Wannan awotar ita ce ke raba gardama: ruwan jakar zuciya yana shiga tsakaninta da zuciya, ruwan rigar huhu yana wucewa ta bayanta. A ta gicciye, ɗakin hagu ya fito zagaye da tsokoki biyu masu riƙe igiyoyin bawul. Idan ya fito kamar ƙwai an karkace, kuma karkacewa tana iya sa bangon tsakiya ya yi kamar ya baje alhali lafiyarsa lau. A ta IVC, sai an nuna shigarta cikin zuciya, a auna santimita 1 zuwa 2 daga mahaɗar. Zama biyu aka yi kafin makinsu ya daidaita.

Karatun hoto. An raba shi da riƙe na'ura, domin akwai mai hannu ba ido, akwai mai ido ba hannu. Aka tara bidiyo 25 na majinyatan asibitin, aka cusa masu tarko da gangan. Akwai kitsen gaban zuciya da ke kama da ruwa, amma a gaba kaɗai yake, yana da ɗigo-ɗigo, yana motsi tare da zuciya. Akwai bidiyo 4 da amsarsu daidai ita ce "hoton bai isa ba". Akwai kuma na wata yarinya mai ƙuntataccen maitiral. Likitocin sun koyi auna tazarar da ke tsakanin leɓen maitiral na gaba da bangon tsakiya, cewa idan ta wuce milimita 7 ɗakin hagu ya raunana. A bawul ɗin da rumatik ya ƙandarar, leɓen ba ya iya buɗewa, tazarar tana fitowa babba ko da ɗakin yana da ƙarfinsa. Mutum 5 cikin 7 sun faɗa wannan rami a zagayen farko, ba su lura da leɓen da ya lanƙwashe kamar ƙugiya da ƙaton ɗakin sama na hagu ba. A ƙasar da rumatik ya yi yawa haka, wannan ma'auni ba a taɓa shi sai an fara kallon bawul.

An ware kuskure 4 a matsayin masu kisa: rasa ruwa mai yawa a jakar zuciya, wato wanda ya wuce milimita 20, kiran raunanniyar zuciya lafiyayya, auna awota a matsayin IVC, da yanke hukunci a kan hoto mai hawa 1 ko 2. Wanda ya yi ɗaya daga ciki ya faɗi, komai yawan makinsa.

Gefen gado. A nan aka yi aiki da OSAUS, ma'aunin da aka wallafa a 2013 mai sassa 7: dalilin yin sikanin, sanin na'ura, gyaran hoto, bin tsari, karatun hoto, rubuta rahoto, da yanke shawara. Kowane likita majinyata 5 ƙwararriyar za ta tsaya a kansa, kuma ita ke zaɓa: dole a samu mace, da mai ƙiba ko tsoho, da wanda ba ya iya kwanciya. Ba ta cewa uffan sai an gama, sannan ta tambaye shi me zai yi yanzu, me kuma zai sa ya canja ra'ayi.

An ƙara sashe na 8 da ba ya cikin ma'aunin asali, wato shirya majinyaci. A ja labule, a kira sista ko 'yar rakiya, a rufe mace da zane a buɗe wurin da ake aiki kaɗai. Likitoci 4 ba sa jin Hausa, sai wata sista Bahaushiya ta rubuta musu jimloli a kati aka ɗaure a jakar na'urar: "Inna, ki juya ta hannun hagu, ki sa hannu ƙarƙashin kai." "Baba, ka tanƙwashe gwiwa, ka saki ciki." "Ki ja iska ta hanci da sauri, kamar kina shanshanar turare." Ta ƙarshen ba ƙaramar aba ba ce. Ana karanta IVC ne da faɗinta da kuma yadda take motsewa a wannan shaƙa: santimita 2.1 ko ƙasa da motsewa fiye da rabi yana nuna matsi kaɗan a ɗakin sama na dama, kusan 3 a ma'aunin awon jini, fiye da 2.1 da motsewa ƙasa da rabi yana nuna kusan 15. Majinyacin da bai fahimci umarnin ba yakan riƙe numfashi ya yi yunƙuri, awon ya lalace.

Kwalara. An ayyana ɓarkewar kwalara a Agusta 2024, Gadarif da Kasala suna cikin jihohin da ta fi kamawa. Awon ya tsaya mako 3, amma annobar ta gwada sashen yanke shawara. Babba mai tsananin bushewa mililita 100 na ruwan Ringa yake buƙata a kowane kilo, 30 daga ciki a rabin awar farko, kuma ba a jinkirta wannan don neman IVC. An ga likita ɗaya ya tsaya neman hoto kafin ya sa ruwa, aka rubuta masa shi a matsayin kuskuren sashe na farko, wato dalilin yin sikanin. Inda na'urar ta yi amfani shi ne a kan tsofaffi da masu tsohon ciwon bawul bayan litocin farko, lokacin da ake shawarar a ci gaba ko a rage gudu.

## Wata na 10: sakamako

Ba a ba da izini dunƙule ba. Kowace tambaya cikin huɗun an ba ta matakinta, daga kallo kawai, zuwa yi a gaban mai koyarwa, zuwa yi shi kaɗai a duba da safe, zuwa yi ba dubawa, zuwa koyar da wani. Mutum 4 sun kai matakin yi ba dubawa a kan ruwan jaka da ƙarfin ɗakin hagu da IVC. A kan ɗakin dama kuwa 2 ne kawai, domin a nan yanka mara kyau ya fi yaudara. Mutum 2 sun tsaya a matakin dubawa da safe. Ɗaya ya bar ƙasar kafin a kammala.

Likitan daren mai jego yana cikin huɗun. Ya faɗi karatun hoto a zagayen farko, ya ci a na biyu bayan mako 6. Adadin sikanin da aka duba kafin mutum ya kai bai zo ɗaya ba: mafi sauri 28, mafi jinkiri ya haura 60. Bayan izini ana ci gaba da zaro bidiyo 1 cikin kowane 5 a duba, kuma wanda ya yi wata 3 bai taɓa na'urar ba yana komawa baya mataki ɗaya.

## Hukunci

Lambar 30 ba ita ce matsalar ba. An ɗauko ta ne aka bar abin da ke ba ta ma'ana, wato wani ido ya ga hoton. Likitan wancan dare ya bi dokar da aka gindaya masa har ya wuce ta da 4, don haka laifin ya fi rataya a kan tsarin da ya ce masa ya isa. Wanda ya maimaita yanka gajere sau 34 ba wanda ya gyara masa, hannunsa ya saba da shi ne kawai.

Jarrabawar tashoshi ta gaza don ta auna abu mafi sauƙin aunawa. A ganinmu abu uku ne suka kawo canji. Masu dubawa sun daidaita idonsu kafin su auna wani. An yi awon da cututtukan wurin, a jikin mutanen wurin, da harshensu. An kuma mayar da "hoton bai isa ba" amsa mai maki. Wannan ta ƙarshe ta fi wuyar dasawa, domin ƙaramin likita yana jin kunyar ce wa babba bai gani ba, sai ya ƙaƙalo amsa. Sai da ya ga ana cin jarrabawa da ita ya fara rubuta ta a hawadis.

Tsarin yana da tsada da rauni. Ya ci wa ƙwararriyar kusan awa 4 a mako, kuma ya dogara da mutum ɗaya a Saudiyya mai dubawa kyauta bayan ya tashi aiki. Majinyata 5 a gefen gado kaɗan ne, da akwai hali 10 ya kamata. Ba a kuma samu cikakken eko da za a gwada duk amsoshin da shi ba, ido ne ake gwadawa da ido. Likitocin imtiyaz, wato sabbin likitoci masu horon farko, da ke zuwa su wuce cikin 'yan watanni ba sa daɗewa har su kai matakin yi su kaɗai, ga shi su ma suna kwana a hawadis. Abin da aka tsayar a kansu shi ne su ɗauki bidiyon, su tura wa ɗaya daga cikin huɗun, kada su canja magani kafin amsa ta zo. Har yanzu ba a ba ko ɗaya daga cikin huɗun matakin koyarwa ba.